Kilo nawa na nama ake samu a jikin aladen daji bayan an feɗe shi?

Sabon Maharbi ya rubuta:

Jama'a barkanku da warhaka. Tambayata ga manyanmu ce, waɗanda suka daɗe a harkar farauta da fiɗa. Idan an harbi aladen daji, ta yaya mutum zai ƙiyasta naman da zai samu tun kafin a sa masa wuƙa? Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bakin mutane bai zo ɗaya ba. Wani ya ce kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ake samu, wani ya ce rabi, wani kuma ya dage cewa kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke shiga firiza. Ratar ta yi yawa, ba ta yiwuwa a ce duk abu ɗaya suke aunawa.

A ce aladen ya kai kilo 80 da ransa. Kilo nawa kayan ciki za su ɗauke, nawa fata da kai, nawa ƙashi? Sannan idan babu sikeli a dawa, akwai dabarar da ake gane nauyinsa? Dalilin tambayar shi ne mutum ya san yawan ƙanƙara da mazubin da zai tanada, kuma idan mutum uku ko huɗu ne za su raba, kada a yi wa kowa alkawarin abin da babu shi. Na gode.

Kawu Mahauci ya rubuta:

Ɗana, duk mutanen ukun da ka ji gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa da matakin da ya tsaya ya auna. Mai cewa kashi 80 yana maganar alade ne da aka farke cikinsa aka fitar da kayan ciki, amma da kansa da fatarsa da ƙafafunsa. Mai cewa rabi da ɗan wani abu yana maganar gangar jiki ce bayan an feɗe fata, an cire kai da ƙafafu, ƙashi na nan a ciki. Mai cewa ɗaya cikin uku kuwa tsoka zalla yake nufi, wadda aka zare wa ƙashi aka gyara. Saboda haka duk wanda ya ba ka lissafi, fara tambayarsa: daga wane nauyi ka fara, kuma a ina ka tsaya?

Bari mu bi naka na kilo 80 daki-daki.

Da an farke ciki, jini da tumbi da hanji da huhu da hanta da zuciya da ƙoda da saifa za su tafi da kilo 16 zuwa 18. A nan ne lissafi ya fi yin lilo, domin tumbin da ya cika da abinci shi kaɗai yana iya kai kilo 3 zuwa 5, wanda kuwa aka harba da yunwa tumbinsa ba ya kai rabin haka. Mu ce ya rage kilo 63. Wannan shi ne nauyin da ya kamata ka riƙe a ka, don shi ne wanda maharbi ke iya aunawa da gaske. Ba wanda ke ɗora aladen daji a sikeli yana numfashi. Idan kana son sanin nauyinsa da rai, ninka wannan adadi da 1.25, za ka dawo kusa da 79 ko 80.

Mataki na biyu shi ne wanda ke ba sababbin hannu mamaki. Fatar aladen daji ba irin ta barewa ba ce. Tana da kauri, tana da gashi mai tauri da wani mai laushi a ƙarƙashinsa, sau da yawa da busasshen taɓo a jiki, kuma komai ƙwarewarka wani kitse zai bi ta. A alade mai wannan girma, ka ba fata kilo 10. Kai yana da tsawo da ƙashi mai nauyi, ka ba shi kilo 6. Ƙafafu huɗu daga gwiwa zuwa kofato, kilo ɗaya da rabi. Ka ga an tashi daga 63 an dawo 45 da rabi. Ka rataye shi a wuri mai sanyi ya kwana, ruwan jikinsa zai tsane, ya rage kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wato wajen kilo ɗaya. Saura 44 da rabi. Wannan shi ne "rabi da ɗan wani abu" ɗin, wajen kashi 55 cikin 100 na nauyinsa da rai.

Mataki na uku, zare ƙashi da gyara. Ƙashi zai ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na gangar jikin, wato kilo 9. Jijiyoyi, tantani, kaluluwa da kitsen da ba a so, kilo 4 zuwa 5. Inda harsashi ya shiga ya fita, da naman da jini ya kwanta a ciki, kilo 2 zuwa 3 idan harbin ya yi kyau. Abin da zai rage a faranti kilo 28 zuwa 29 ne. Idan ka kwatanta da 80 na farko, kashi 36 cikin 100 ke nan. Idan da 63 ka kwatanta, kashi 45.

Don haka abin da nake ba mutane shawara su riƙe shi ne: auna shi bayan an fitar da kayan ciki, ka raba biyu, sannan ka rage kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. 63 a raba biyu 31 da rabi, a rage 3, saura 28 da rabi. Hanta da zuciya da ƙoda lissafinsu daban, su ukun tare wajen kilo 2.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko lissafin aladen gida a ɗora wa na daji. Na gida gangar jikinsa tana kai kashi 72 zuwa 75 cikin 100, domin ba a feɗe shi, da fatarsa ake auna shi, an hana shi abinci kafin yanka, kuma an yi shekaru ana zaɓen irinsa don ya yi doguwar gadon baya da manyan cinyoyi. Na daji ƙirarsa akasin haka ce. Nauyinsa a gaba yake, a wuya da kafaɗa da kai, bayansa kuwa a tsuke. Wato inda ya fi nauyi nan ne inda ƙashi da fata da jijiya suka fi yawa.

Na-Dawa ya rubuta:

Kawu ya gama magana a kan alade matsakaici, ban da abin da zan ƙara. Inda zan ɗan saɓa da shi shi ne a ce ƙa'ida ɗaya za ta ɗauki kowane alade. Ba ta ɗauka, kuma girman dabbar ne ke karya ta.

Ɗan shekara ɗaya mai kilo 35 da rai, fatarsa siririya ce, kansa bai gama girma ba. Bayan fitar da kayan ciki zai yi wajen 28, kuma za ka iya samun tsoka kilo 14 ba tare da ka rage komai ba. A nan rabi cif ya isa. Amma tsohon namiji mai kilo 130 wani labari ne. Irin wannan yana da abin da ake kira garkuwa, wato wata fata mai tauri da ke tasowa a ƙarƙashin gashi daga wuya zuwa bayan kafaɗa, wadda ke kare shi daga hauren 'yan'uwansa lokacin faɗa. Kaurinta kan kai santimita 3, a wasu ma fiye. Ba a cin ta, wuƙa ma da ƙyar take shigarta. Fatar irin wannan ita kaɗai tana iya haura kilo 20, kai ya kai 11. Daga 105 da ya rage bayan farke ciki, gangar jiki za ta tsaya wajen 70, tsoka kuma 42 ko 43. Kashi 40 ke nan na 105, ba 45 ba. Kullum aladen na ƙara tsufa, kason da ke tafiya a fata da kai na ƙaruwa. Shi ya sa matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya nama, sun kuma fi shi laushi nesa ba kusa ba.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. A ƙasashen Turai, shekarar da itatuwan daji suka zubar da 'ya'ya da yawa, alade kan tara kitse mai kaurin yatsu biyu ko uku a baya kafin hunturu. Sikeli zai nuna nauyi, amma nauyin kitse ne. Idan kai mai amfani da kitsen ne, ka ci riba, idan mai zubarwa ne, kasonka zai faɗi ƙasa da na Kawu. Namiji kuma da ya fito daga lokacin barbara, wanda a can yake kamawa daga Nuwamba zuwa Janairu, ya yi makonni yana yawo da faɗa ba ya cin abinci sosai, za ka same shi a rame, cinyoyi a shafe. Macen da ke shayarwa ita ma haka, ga shi dokokin farauta na wurare da yawa sun hana harbin wadda ke tare da ƙananan 'ya'ya. Mai ciki kuwa, mahaifa da abin da ke cikinta suna ƙara wa kayan ciki kiloli, sai ninkawa da 1.25 ɗin nan ta ba ka ƙasa da nauyinta na gaskiya.

Batun rashin sikeli: akwai lissafin da masu kiwon alade ke yi da tef ɗin awo. Ka zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, ka ja tef ɗin ya kwantar da gashi. Sannan ka auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya. Duka a mita. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka ninka da 69.3. Misali ƙirji mita 1.05, tsawo mita 1.10, zai ba ka kilo 84. Amma ka tuna don aladen gida aka yi wannan lissafi, wanda jikinsa ya cika tun daga gaba har baya. Na daji ƙirjinsa mai zurfi ne, ƙugunsa siriri, gashi kuma na ƙara wa tef. Ni ina ganin a rage kashi ɗaya cikin goma, 84 ta dawo 75 ko 76. A yi awon kafin a farke ciki, don da an farke ƙirji ya lotsa, awon ya tashi a banza.

Duk da haka, ƙaramin sikelin ratayewa mai ƙugiya wanda ke ɗaukar kilo 150 ko 200 yana shiga aljihun jaka. Da shi da igiya da reshen itace mai ƙarfi, an huta da kirdado. Ido kuwa kada ka yarda da shi ko kaɗan. Baƙin gashi da tozon da ke tashi a wuya suna sa alade mai kilo 60 ya yi kama da mai 90, balle idan an ja shi da hannu har an gaji.

Sabon Maharbi ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Kawu, Malam Na-Dawa na gode. Yanzu na gane inda ratar take. Saura abu biyu. Idan ba a feɗe ba, babbaka aka yi ko aka zuba ruwan zafi aka kankare gashi, yaya lissafin zai koma? Kuma Kawu, kilo 28 ɗin nan, ta yaya ya rarrabu a sassan jiki? Wajen rabo nan ne ake samun matsala, kowa cinya yake so.

Kawu Mahauci ya rubuta:

Na yarda da gyaran Na-Dawa. Ƙarami raba biyu kawai, matsakaici raba biyu ka rage ɗaya cikin goma, tsohon namiji ɗauki kashi 40.

A kan babbaka: idan ka bar fata a jiki, gashi da dauɗa kawai ka zubar, wato kilo ɗaya zuwa biyu a maimakon 10. Gangar jikin da ta tsaya a 44 da rabi za ta koma 52 ko 53. Sai dai ka sani tsokar ba ta ƙaru da ko giram ɗaya ba, fata ce da kitsen ƙarƙashinta ka ajiye. A ƙaramin alade yana da amfani, don fatarsa tana dahuwa. A babba wahala ce kawai, garkuwar ba ta laushi. Ruwan kankara kuma kada ya tafasa. Digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas ake so. Idan ya wuce haka fatar na fara dahuwa ta riƙe gashin gam, sai ka yi ta kankara ba ya fita. Kuma wannan aiki yana yiwuwa ne idan gawar na da ɗumi. Wanda aka farke a dawa aka yi sa'o'i kafin a iso da shi, feɗewa ce kawai ta rage, domin ruwan ɗumi mai datti zai shiga cikin da ke buɗe.

Rabon tsoka na kilo 28 da rabi, a ƙiyasce: cinyoyi biyu kilo 9 da rabi, su ne kashi ɗaya cikin uku na duka. Karfata biyu kilo 5 da rabi, bayan an yanke inda harsashi ya ɓata. Dogayen tsokoki biyu na gadon baya, waɗanda ke kwance hagu da dama na ƙashin baya, kilo 3 da rabi. Ƙananan tsokoki biyu masu laushi da ke ta ciki, ƙarƙashin ƙashin baya kusa da ƙoda, giram 600 su biyun, kuma su ne aka fi yi wa lahani wajen fitar da kayan ciki da gaggawa. Wuya kilo 3 da rabi, wanda mutane ke rainawa alhali a aladen daji yana cikin mafi daɗi saboda kitsen da ya ratsa shi. Ragowar kilo 6 daga awaza ne da naman ciki da ƙwauri da guntattakin da ake tarawa a niƙa.

Idan kuwa da ƙashi za a raba, gunduwa-gunduwa, to ka sa ran kilo 37 zuwa 38, tunda kilo 9 na ƙashi ya dawo cikin lissafi. Amma a nan adalcin rabo ba a sikeli yake ba. Kilo ɗaya na cinya kusan giram 800 tsoka ce, kilo ɗaya na awaza da ƙyar ya ba ka 550. Ko dai a zare ƙashi kafin a auna, ko a yanka kowane sashe gida-gida kowa ya samu daga kowanne.

Hannun mai wuƙa shi ma yana cikin lissafi. Wajen feɗewa, bakin wuƙa ya riƙa kallon fata, ba nama ba, ana jan fatar ƙasa da ɗaya hannun. Aladen daji fatarsa ba ta saɓulewa da ja, sai an bi ta da wuƙa taƙi bayan taƙi, shi ya sa wanda bai saba ba yake barin naman awaza da na ciki manne da fata, kilo biyu ko uku su tafi haka nan. Gashin nan mai ƙasa yana dakushe wuƙa nan da nan, don haka a tsaga fata daga ciki zuwa waje, a ajiye dutsen wasawa kusa. Wajen zare ƙashi kuma, wanda ba ya bin naman da ke tsakanin haƙarƙari da na jikin ƙashin wuya da allon kafaɗa, wani kilo biyun ya bari.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Kawu da Malam Na-Dawa sun yi lissafin dabbar da ta iso lafiya. Ni zan yi magana a kan abin da ke cinye lissafin, wani lokaci gaba ɗayansa.

Na farko zafi. Jikin alade yana kan digiri 38 zuwa 39 lokacin da ya faɗi, wanda karnuka suka kora ma ya fi haka. Gashi da fata mai kauri da kitse suna riƙe wannan zafi a ciki sosai, fiye da yadda yake a barewa. Idan aka bar kayan ciki a jiki, ƙwayoyin cutar da ke hanji sukan fara ratsawa zuwa nama cikin 'yan sa'o'i. Don haka a farke ciki da wuri, cikin sa'a guda idan da hali. A tsaga har ƙirji, a cire maƙogwaro gaba ɗaya don daga nan wari ke farawa a wuya, a sa tsinke ko guntun ice a tokare haƙarƙari iska ta shiga. Kada a kwantar da biyu a kan juna, kada a naɗe da leda yana da ɗumi. Dokar tsabtar abinci ta Tarayyar Turai ta ce naman manyan dabbobin dawa ya sauka zuwa digiri 7 ko ƙasa a ko'ina cikinsa, kuma wannan mizani ne mai kyau ga kowa. A cusa ma'aunin zafi cikin cinya har kusa da ƙashi, nan ne wuri na ƙarshe da ke hucewa. Abin takaicin shi ne nan ɗin ne kashi ɗaya cikin uku na namanka. Cinyar da ta lalace daga ciki, waje za ka gan ta lafiya, sai an yanka kusa da gaɓar ƙugu a ji tsami, a ga launi ya koma kore-kore ko ja mai duhu. Wannan ba a gyara shi da wanki ko gishiri, zubarwa ake yi. Inda ake zafi kuma babu ɗakin sanyi, gara a feɗe nan take, a raba gida huɗu, a sa cikin ƙanƙara yadda ruwan da ke narkewa zai riƙa tsiyayewa ba ya kwanciya a kan naman. Ga gangar jiki mai kilo 45, ƙanƙara kilo 20 ba ta yi yawa ba, kuma za a ƙara idan tafiyar ta yi nisa.

Na biyu, abin da ya zube a kan nama. Idan harsashi ko wuƙa ta fasa tumbi ko hanji ko mafitsara ko matsarmama, duk inda abin ya taɓa a yanke shi da wuƙa mai tsabta. Goge shi da ciyawa ko tsumma baza ƙazantar yake yi. A nan ake asarar naman ciki da ƙananan tsokokin nan masu laushi, kilo 3 zuwa 5.

Na uku, warin namiji. Balagaggen namiji, musamman lokacin barbara, yana tara wasu sinadarai biyu a kitsensa, androstenone da skatole, masu ba nama wari irin na bunsuru haɗe da fitsari. Ba a cika jin sa a ɗanyen nama mai sanyi ba, sai an ɗora a wuta. Gwajin mai sauƙi ne: yanki ɗan kitse daga wuya ko baya, soya shi a kasko, shinshina. Idan kaɗan ne, cire kitsen duka yana ragewa, amma kasonka zai sauka da kilo da dama. Idan ya yi ƙarfi, ba abin da za a ci a jikinsa. Wajen farke ciki ma a yi hattara da jakar da ke gaban mazakutarsa, tana tara ruwa mai ɗoyi. A yanke ta da fatar da ke kewaye ba tare da an matsa ta ba.

Na huɗu shi ne wanda na fi so ku riƙe, tsutsar Trichinella. Aladen daji yana cin mushe da ɓeraye, daga nan yake ɗaukarta. Tana zama cikin tsoka, ido ba ya ganinta, dabbar kuma ba ta nuna alamar ciwo. Shanyawa, kyafewa da hayaƙi, ko gishiri ba sa kashe ta yadda za a dogara da su. Daskarewa a firiza ma ba abin dogaro ba ne, domin wasu nau'o'inta da ke jikin namun dawa suna jure sanyi. A Tarayyar Turai wajibi ne a gwada aladen daji kafin namansa ya shiga kasuwa. Ana yankar samfuri, aƙalla giram 10, daga tsokar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko ƙafar gaba, ko harshe, a kai ɗakin gwaji. Shi ya sa wajen fitar da kayan ciki ake barin gindin wannan tantani a jikin gawa. Idan aka samu tsutsar, dabbar duka ake hallakawa. Ko an gwada ko ba a gwada ba, a dafa har tsakiyar naman ya kai digiri 74, wanda shi ne abin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ke ba da shawara ga naman dawa. Hanta ita ma a dafa ta sosai saboda ciwon hanta nau'in E.

A sa safar hannu wajen fiɗa, don cutar burusela tana shiga ta ƙaramin rauni daga jini da kayan haihuwa. A tsaga kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi a duba. Idan an ga farin abu mai dunƙule-dunƙule ko mugunya a ciki, ko saifa ta kumbura ta yi baƙi, ko ɗigo-ɗigon jini a jikin ƙoda, a dakata a kira jami'in lafiyar dabbobi. Alamomin ƙarshen nan biyu suna iya zama na zazzaɓin aladu na Afirka. Ba ya kama mutum, amma yana daɗewa a cikin nama, kuma ta hanyar nama da takalma da mota yake tsallakawa daga wuri zuwa wuri. Ya shiga ƙasar Jojiya a 2007, ya kai gabashin Tarayyar Turai a 2014, aka same shi a aladun dajin Jamus a 2020.

Na-Dawa ya rubuta:

Madalla da Likita. Abin da ya rage shi ne kilo 2 zuwa 3 da Kawu ya ware wa harsashi, don wannan adadi a hannun maharbi yake.

Zuciya da huhun alade sun fi na barewa matsowa gaba da ƙasa, kusan a tsakanin ƙafafun gaba suke. Wanda ya saba harbin barewa can bayan kafaɗa, a alade sau da yawa hanta ko tumbi yake samu, sai a faɗa cikin asarar da Likita ta lissafa, ga bin sawu na sa'o'i yayin da naman ke ɗumi. Wurin da ya fi dacewa shi ne a bi layin bayan ƙafar gaba, manne da ita, a tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirji daga ƙasa, lokacin da ya ba ka gefe sosai. A nan haƙarƙari ɗaya ko biyu kawai ke karyewa, asarar ba ta wuce kilo ɗaya da rabi. Idan harsashi ya bugi allon kafaɗa, ɓaraguzan ƙashi suna watsuwa cikin tsoka, karfata ɗaya ta tafi, in ya ratsa duka biyun a yi asarar kilo 4 zuwa 6. Harbin cinya ko ƙashin baya shi ne mafi muni, don nama mafi daraja yake ɓatawa.

Jinin da ya kwanta ba ya tsayawa a bakin rauni, yana bin tantanin da ke tsakanin tsokoki ya yi nisa, musamman ƙarƙashin karfata. A ɗaga karfatar tun ranar farko, kafin a rataye, a kankare daskararren jinin, in ba haka ba daga nan tsami zai fara. Idan harsashin na dalma ne, yana farfashewa ya bar ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, don haka a yanke aƙalla faɗin tafin hannu kewaye da hanyar da ya bi, kuma kada a jefa wannan yanki cikin naman niƙa don ƙara nauyi, injin zai baza dalmar cikin duka. Harsashin tagulla ba ya farfashewa haka, yankan da ake yi masa ya fi ƙanƙanta.

Ga mazubi, tsoka kilo 28 da rabi da aka ƙunsa za ta ci wajen lita 45 zuwa 50 a firiza, da ƙashi kuwa ka nemi lita 70. Kada a zuba duka lokaci ɗaya a ƙaramar firiza, tsakiyar ba za ta daskare da wuri ba. A shimfiɗa ƙunshin a jere, a bar tazara, a ƙara sauran washegari. Sassan da ke da kitse, irin su wuya da awaza da niƙaƙƙe, a fara cinye su cikin wata 4 zuwa 6, domin kitsen alade yana canza ɗanɗano ko a daskare. Cinya da gadon baya da aka gyara tsaf suna kaiwa fiye da haka.